Rasuwar Baƙon da ke Cikin Kwamfutar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da ya ɗara baƙin cikin yawa, Auta mai guga yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan aikinsa na shagon wanki rasuwar Baƙo, wanda ya cika ranar Laraba da tsakar rana a kan teburin ɗakin Yaya, bayan gajeruwar jinya. Ya rasu da ƙuruciyarsa, ko shekara bai rufa ba.

Saboda Goggo da sauran manya da za a karanta wa wannan sanarwa, gara a faɗa tun da wuri cewa Baƙo ba mutum ba ne, kada wata ta ɗauko mayafi ta kamo hanya. Kwamfuta ne, amma marar jiki. A cikin babbar kwamfutar Yaya yake zaune, kamar ɗaki a cikin gida. Idan an danna shi sai taga ta buɗe a kan allo, a cikin tagar kuma sai ka ga wata kwamfutar sukutum tana tashi, da agogonta, da kwandon shararta, da gaisuwarta. Duk jikinsa fayil ɗaya ne. Ba shi da fanka, ba shi da waya, ba shi da ko ƙusa. Ƙwaƙwalwar da yake tunani da ita ma babbar ce take ara masa. Yaya ta ce masana abin suna kiran babbar mai masauki, ƙaramin kuma baƙo. Ba a raɗa masa wani suna ba, da wannan ya rayu, da shi ya tafi.

Yaya ce ta kawo shi duniya. Kowa ya san mai rashi, wato Auta, bai yi nisa a makaranta ba, kuma ba mai sauri ba ne a komai. Da maigidansu na shago ya ce duk wanda ya iya kwamfuta zai bar teburin guga ya koma gaba wajen karɓar kaya, sai ya kwana yana juya maganar, ya wuni yana juya ta, kafin ya iya tunkarar Yaya. Ita kuwa kwamfutar nan ita ce gonarta, ita ce ofishinta, a cikinta take zanen gine-gine. Ta dubi hannunsa, hannun da ya saba danne kwalar riga har sai ta kwanta, ta dubi kwamfutarta, ta yi ajiyar zuciya. Sai ta zauna wata Lahadi da yamma ta yanka masa ɗaki a ciki.

"Ga naka nan," in ji ta. "Ka fasa, ka ƙona, ka zubar, duk a cikinsa zai tsaya. Amma nan waje," ta zagaya sauran allon da yatsa, "tsakar gidana ne. Ka raɓa ta gefe ka shige ɗakinka. Kada ka gai da kowa a hanya."

Haka kuwa aka yi. Mai rashi yana shaida wa duk mai karatu cewa bai taɓa gai da kowa a hanya ba.

Marigayi mai haƙuri ne. Wannan ita ce babbar shaidar da za a yi masa. Sau tari mai rashi yakan tsaya da yatsa a sama yana neman harafi ɗaya, ya bi layin sama, ya bi na tsakiya, ya dawo, marigayi yana jiransa, ɗan tsayayyen layin nan mai nuna inda harafi zai faɗa yana ƙiftawa a hankali. Bai taɓa cewa har yanzu ba ka gane ba. Bai taɓa kiran na baya ya zo ya nuna masa ba. Ba shi da bulala, ba shi da 'yan aji masu dariya. Idan an yi rubutu da Hausa, jan layi yake ja wa kowace kalma, mai kyau da marar kyau, don haka a gabansa mai ilimi da marar ilimi duk ɗaya ne.

Mai rufin asiri ne kuma. An taɓa goge masa abin da bai kamata a goge ba. An taɓa ɗauko masa wani abu daga intanet wanda ya cika shi da tallace-tallace masu tsalle, ka rufe ɗaya uku su fito. Duk ya shanye a cikinsa. Ko ƙura ba ta faɗa tsakar gidan Yaya ba. Da ta dawo daga aiki ta share masa, abin da ta ce kawai shi ne, "Ka ga amfaninsa ke nan."

Ba mai yawan magana ba ne. Idan ya farka yakan ce tin-lin-lin, ya ja ƙarshen kaɗan, kamar mai sallama daga bakin ƙofa. Idan an danna abin da bai dace ba yakan ce dum, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, irin yadda ake ƙwanƙwasa wa marar lafiya ƙofa. Iyakar faɗansa ke nan. Har Inna ta san muryarsa. Idan ta ji dum daga kicin takan ɗaga murya ta ce, "Auta, ka bi yaron mutane a hankali."

Aibinsa ɗaya, idan ma aibi ne: yana da nawa. Ka danna abu, sai ka ƙirga yatsunka kafin ya buɗe. Kuma ba laifinsa ba ne. Akwai wani wuri a cikin saitinsa inda ake auna masa rabonsa na ƙwaƙwalwa, wani dogon layi ne, farkonsa kore, tsakiyarsa rawaya, ƙarshensa ja, da ɗan abin da ake ja gaba da baya a kai. Ranar da aka haife shi, a gaban idon mai rashi Yaya ta ajiye abin can farkon kore. Ya tambaye ta ko bai yi kaɗan ba. Tana neman ɗan kunnenta a lokacin, ta ce, "Ya ishe shi." Ba ta faɗi dalili ba, shi kuma bai sake tambaya ba. Ta kuma ce akwai wata dabara ta ɗaukar masa hoto, yadda ko ya lalace za a mayar da shi yadda yake. Ta ce idan ta sami sarari za ta koya masa. Sararin bai samu ba.

A nan sai an yi wa mai rashi uzuri kaɗan, domin a gidan Inna ya tashi. Lokacin da Kawu ya zo aikin ido, shi aka bar wa gado, shi aka juya wa fanka, shi aka tsamo wa babban nama, 'yan gida suka yi shimfiɗa a baranda har ido ya warke, har ma ya ɗan ƙara hutawa. Ba wanda ya yi ƙorafi a fili. Haka Inna take, haka ta rene su. To duk lokacin da Baƙo ya tsaya yana jan ƙafa, sai mai rashi ya ji kunya ta kama shi. A ce a gidansu ne mai masauki ta ƙoshi har ta bar saura, baƙo yana lasar kwano?

A farkon makon nan Yaya ta yi tafiya duba fili. Wanda bai sani ba ya sani: ta daɗe tana yi wa wani oga zane, shi yana sa sunansa a ƙasa. Wannan karon wata ƙungiyar mata ce ta ba ta zanen ƙaramin asibitin haihuwa, ita da kanta, da sunanta. Ranar Litinin mai zuwa za ta miƙa shi. Zanen yana cikin mai masauki.

Laraba ranar hutun mai rashi ce. Ya karya, ya wanke hannu, ya zauna. Ya dubi kwamfutar nan, ga ƙwaƙwalwa jibge, mai ita ba ta gari, ba mai amfani da ita. Ya ce bari yau ɗaya dai Baƙo ya ci ya ƙoshi, kafin Yaya ta dawo a mayar da komai inda yake. Ya buɗe wurin layin, ya kama abin jan, ya ja shi yadda yake jan dutsen guga, wato bai tsaya ba sai da ya kai bakin ƙyalle. Ya wuce kore, ya wuce rawaya, ya dire a ƙarshen ja. Wani rubutu ya fito a ƙasa da Turanci. Ya karanta shi a hankali, ya gane kalma biyu ko uku, ya ɗauka godiya ce da tambayar ko ya tabbata. Ya tabbata.

Marigayi ya farka da ƙarfinsa. Tin-lin-lin ɗin da ya yi ranar, tun da aka haife shi bai taɓa yin mai daɗinsa ba. Kana dannawa yana buɗewa. Mai rashi har ya yi dariya shi kaɗai. Jin ƙarfi a jikinsa, sai marigayi ya ce zai sabunta kansa, kada a kashe shi. Wannan rubutun mai rashi ya san shi, domin Yaya ta taɓa ja masa kunne a kai.

Ana cikin haka mai masauki ta fara nishi. Fankarta ta ɗauki kuka, tun tana yi ƙasa-ƙasa har ta koma kamar injin matse kaya. Kibiyar maus ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cak. Agogon kusurwa ya daina tafiya. Ashe abin da aka ƙara wa baƙo daga bakin mai masauki aka ɗebe shi, kuma a bayanta yake goye. Idan ta faɗi, tare za su faɗi. Wannan duk daga baya aka yi wa mai rashi bayaninsa.

Ya jira. Idan dai jira ne ba a fi shi ba. Ya jira har Inna ta sauke tukunya, har rana ta bar taga ta koma kan gado. Ya yi magana da su biyun da murya mai taushi. Sannan ya kai bayan hannu jikin akwatin, ya ji zafi, ya sunkuya ya ji kamar wani ɗan ƙauri. A shagon guga kuwa, ranar farko, kafin a nuna maka yadda ake riƙe dutse, abin da ake fara koya maka shi ne: ka ji zafi ya wuce kima, ka ji ƙauri, kada ka tsaya tunani, zare filogi. Hannunsa ya riga kansa. Ɗakin ya yi tsit.

Da akwatin ya huce ya mayar da filogi. Mai masauki ta tashi, amma da ƙyar, tana ɗingishi. Da wani ne, da ya leƙa ya ga ko zanen yana nan. Shi kuwa an ce kada ya gai da kowa a hanya, sai ya raɓa ta gefe ya nufi ɗakin Baƙo. Taga ta buɗe baƙa ƙirin. Farin rubutu layi ɗaya a can sama, da ɗan layin nan yana ƙiftawa a ƙarƙashinsa. Ba sallama. Ya danna wannan, ya danna wancan, yana roƙon ko dum ɗin nan a ce masa. Shiru. Kuma da yake a ruɗe bai tuna ya mayar da abin jan baya ba, sai fanka ta sake ɗaukar kuka, kibiya ta sake sandarewa. Ya sake zare filogi.

Tun daga lokacin ba a sake kunna ta ba. An rufe ta da farin tawul, wankakke, gogagge.

Washegari mai rashi ya je wurin mai gyara na bakin titi, ba da kwamfutar ba, da bakinsa kawai. Mai gyara yana liƙa wa wata waya ƙarfe, ya saurara bai ɗago ba, sai da aka zo kan filogi.

"Yana cikin sabuntawa ka zare?"

"E."

"Sau nawa?"

"Biyu."

Ya ajiye abin liƙin. "To ƙaramin dai sai haƙuri, ɗan'uwa, ka yanke masa numfashi yana tsakar haɗiya. Babbar kuwa sai an kunna a gani. Yawanci ba abin da yake samunsu."

"Yawanci?"

"Yawanci mana. Ni ba boka ba ne. Kawo ta in duba kafin Hajiyar taku ta dawo. In ta tashi shi ke nan, in ba ta tashi ba mu ce wuta ce ta kawo da ƙarfi. Wa zai kai wuta ƙara?"

Mai rashi ya yi godiya ya tafi. Hannun da ya zare filogi har sau biyu, ba shi zai sauko da kwamfutar Yaya daga bene ba. Kuma ko ya yarda da zancen wuta, akwai Inna, wadda ƙarya ba ta kwana a bakinta.

Abu ɗaya ya rage masa na sa rai. Yaya tana da ɗan filash a jikin makullanta, inda takan kwafe aiki. Ko zanen yana ciki? Tambayar ba ta tambayuwa sai asiri ya tonu. Ya yi ta zagaya wayarsa, daga ƙarshe ya kira.

"Yaya, ya hanya? Ya aiki? Makullanki suna nan lafiya?"



"Auta, me ka fasa?"

"Ba komai, gaisuwa ce."

"Tun da aka haife ka ba ka taɓa gai da makullina ba. Ba ni Inna."

Inna ta karɓa, ta juya masa baya, ta faɗi komai, har da tawul. Yana tsaye yana jin muryar Yaya ƙasa-ƙasa daga cikin wayar. Ta tambaya ko har ja ya kai abin. Inna ta waiwayo, ya gyaɗa kai. Ta tambaya sau nawa ya zare filogi. Ya ɗaga yatsu. Inna ta ce, "To 'yar nan, ba ki da shi a ɗan ƙarfen nan na makulli?" Yaya ta ce wanda yake ciki tsoho ne, tun kafin matan su ce a sauya matakala a faɗaɗa ɗakin jira. Daga nan ba ta ƙara komai ba sai, "Kada kowa ya taɓa. Ranar Asabar ina tafe."

Marigayi ya rasu ya bar mai rashi, wanda ya kai layin tsakiya na haruffa ba tare da dubawa ba, saura na sama da na ƙasa. Ya bar maus, wanda gefensa na hagu ya soma sulɓi saboda danna. Ya bar kujerar roba mai tsagaggen baya. Ya bar hoton dutsen guga da aka zana a cikinsa, ba a gama yi masa waya ba. Ya bar Inna, da har yanzu takan kasa kunne daga kicin. Ya bar Dogo na shago, wanda aka yi wa alkawarin za a kawo shi su gaisa. Ya kuma bar mai masaukinsa, wadda take kwance ƙarƙashin tawul, ba wanda ya san ko barci take ko wani abin ne, da asibitin haihuwa guda a cikinta.

Masu tambayar jikin mai rashi, da sauƙi za a ce. Yana zuwa aiki. Amma idan injin matse kaya ya tashi sai ya ajiye dutse ya fita waje. A gida idan zai wuce ƙofar ɗakin Yaya a karkace yake wucewa. Dogo ya ce ya kwantar da hankalinsa, iyaka dai ta zage shi ta haɗa da kakanninsa, waɗanda nata ne ita ma. Dogo bai san Yaya ba. Da zagi take yi da an ji daɗi. Ita idan abu ya kai mata wuya zama take yi a bakin gado, ta haɗa hannuwa a cinya, ta zuba wa bango ido. Ranar da aka buɗe wani bene da ta zana aka yi ta tafa wa oga, haka ta zauna. Mai rashi ya gani ta labule, bai manta ba. Wannan zaman yake tsoro, kuma a ce wannan karon shi ne sanadi.

Ana karɓar gaisuwa a teburin guga na biyu daga ƙofa. Ana roƙon masu zuwa su taƙaita. Masu cewa ai da ka tambaye ni, an gode, an riga an ji.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar a ɗakin Yaya, bayan ta sauka daga mota ta yi wanka ta ci abinci. Inna ta ce ba za a fara komai ba sai ta ga ƙasan kwano. Ba a buƙatar taro, ɗakin ba shi da girma. Yaya ta aiko da saƙo cewa wanda ya zare filogi shi zai mayar, shi kuma zai danna maɓalli da yatsansa. Ba za a buɗe tagar marigayi ba. Zanen za a fara nema.

Idan ya buɗe, da matakalarsa da ɗakin jiransa, Yaya za ta ɗauki marigayi da maus ta kai shi kwandon shara, nan ne makwancinsa. Mai rashi yana roƙon a ɗan dakata masa kafin a zubar da kwandon, ba da yawa ba. Ba zai tambayi ko za a sake ba shi wani baƙon ba. Idan an ba shi, ya gode. Idan ba a ba shi ba, ya gode.

Idan kuwa bai buɗe ba, ana roƙon kowa ya fita a hankali, kada wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Mai rashi ya riga ya nemi hutun Lahadi a wurin maigidansa. Ya sauko da tsohon allon zanenta na makaranta daga kan kabad, ya goge shi, ya sayo manyan takardu, ya fere mata fensira duka. Bai iya zane ba. Amma ya iya riƙe bakin takarda kada ta motsa, kuma zai iya tsayuwa a haka har Litinin.